Tsohon Katin Hoto da Sabo: Yadda Ake Auna Ƙwazonsu

Gabatarwa

Duk wanda aka taɓa ɗora wa alhakin sayen kwamfuta, ko don ofis, ko don sashen jami'a, ko don amfanin kansa, ya san cewa kalmar da dillali yake fara jefa masa ita ce "sabo". Sau da yawa kuma kalmar nan kaɗai takan raba mutum da kuɗinsa. Manufar wannan lacca ita ce ta bayyana ma'aunan da ya kamata a bi wajen kwatanta tsohon katin hoto da sabo, domin mai saye ya san abin da yake biya wa kuɗi.

Aikin Katin Hoto

Hoton da ake gani a fuskar kwamfuta tarin ɗigo-ɗigo ne. Fuskar da take da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye tana ɗauke da ɗigo 2,073,600. Idan ana so motsi ya tafi sumul, sai a sake zana fuskar sau 60 a kowane sakan, watau a lissafa launin ɗigo fiye da miliyan 124 ke nan a sakan guda. Babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta ma'aikata kaɗan gare ta, ko da yake ƙarfafa ne. Shi kuwa katin hoto ƙananan ƙwayoyin lissafi gare shi masu ɗimbin yawa, waɗanda suke taruwa a kan aiki ɗaya tamkar 'yan gayya a gona, kowa da kunyarsa.

Ci gaban da aka samu a wannan fage ba ƙarami ba ne. Katin Voodoo na kamfanin 3dfx, wanda ya fito a 1996, ma'ajiyarsa megabait 4 ce. A 2006 kamfanin Nvidia na Amurka ya fitar da GeForce 8800 GTX mai ƙwayoyin lissafi 128 da megabait 768. A 2022 kuwa RTX 4090 ya zo da ƙwayoyi 16,384 da gigabait 24. Sai dai waɗannan duka manyan katunan zamaninsu ne. Zaɓin da yake gaban mai saye yawanci shi ne tsakanin babban kati na jiya da matsakaicin kati na baya-bayan nan.

Misali Biyu

Don haka za a ɗauki kati biyu na Nvidia. Na farko shi ne GTX 1080 Ti, wanda ya fito a 2017 a kan dala 699, yana sahun gaba a lokacinsa. Na biyu shi ne RTX 4060, wanda ya fito a 2023 a kan dala 299, an kuwa yi shi ne don mai matsakaicin hali. Ma'auni huɗu za a bi.

Ma'auni na farko shi ne sauri, watau yawan hotunan da kati yake zanawa a sakan. A takarda tsohon ne yake gaba: ƙwayoyinsa 3584 ne, na sabon 3072, faɗin hanyar da bayanai suke bi zuwa ma'ajiyarsa bit 352 ne, na sabon 128. Amma da aka gwada su a kan wasanni iri ɗaya, sai aka ga sabon ya ɗan ɗara tsohon a mafi yawansu. Dalili kuwa shi ne ƙwayoyin sabon sun fi saurin bugawa, sannan yana da wata ƙaramar ma'ajiya ta kusa mai megabait 24, alhali ta tsohon ba ta kai 3 ba. Wanda yake da babbar randa a ɗaki ba ya yawan zuwa rijiya, ƙuncin hanyar rijiyar kuma bai cika damunsa ba. Darasin a nan shi ne, adadin ƙwayoyi ba ya kwatantuwa tsakanin zamani da zamani. Aiki ɗaya ake ba katunan biyu, a ga wanda ya riga gamawa.

Ma'auni na biyu shi ne girman ma'ajiya. A nan tsohon ne ya yi rinjaye, domin gigabait 11 gare shi, sabon kuwa 8. Muddin aiki ya shige cikin gigabait 8, wannan bambanci ba ya bayyana. Da zarar ya zarce haka, kamar wajen tace babban fim ko ɗora wasu manhajojin ƙirƙirarriyar basira, sai sabon ya fara tangarɗa, tsohon yana tafiya. A irin wannan hali da tsohuwar zuma ake magani.

Ma'auni na uku shi ne cin wuta. Tsohon yana jan wat 250 idan aiki ya yi tsanani, sabon kuwa wat 115. Bambancin wat 135 ke nan, wanda a cikin awa 8 ya ɗan haura ma'aunin wuta guda na mita. A inda ake dogaro da janareto ko wutar sola, kamar ofisoshi da yawa a Nijeriya da Nijar, wannan lissafi ne na kuɗin mai da girman batir. Har ila yau, duk wutar da kati ya ja zafi take komawa, zafin bazara da ƙurar hunturu kuwa ba sa raga wa fankar da ta tsufa.

Ma'auni na huɗu shi ne abin da kati zai iya yi tun asali. Tun daga 2018 katunan RTX suke zuwa da sassa na musamman: wani yana bin sawun haske don inuwa da ƙyalli su fito kamar na zahiri, wani kuma yana zana hoto da ɗigo kaɗan sannan ya cike sauran da hasashe, dabarar da ake kira DLSS. Tsohon ba shi da ko ɗaya. Wasan Indiana Jones and the Great Circle na 2024 ya wajabta sashen bin sawun haske, saboda haka GTX 1080 Ti ba ya cikin katunan da aka yi wasan dominsu. Bugu da ƙari, a 2025 Nvidia ya daina sabunta manhajar tafiyar da katunan wannan zamani don sababbin wasanni, sai gyaran tsaro kawai. Amma a lura: RTX 4060 yana iya ƙago hoto ya saka tsakanin hotuna biyu na ainihi, kuma alƙaluman talla sukan haɗa da waɗannan ƙagaggun. Mai kwatanci na gaskiya sai ya tambaya ko an kunna wannan dabara lokacin gwajin.

Kammalawa

A taƙaice, sabon ya ci uku daga cikin ma'aunan huɗu, tsohon ya ci ɗaya, amma hukunci yana hannun aikin da za a yi. Ɗalibin da ya riga ya mallaki tsohon, kuma yana biya masa buƙata, ba shi da dalilin gaggawar canji. Wanda zai saya yanzu, sabon ya fi masa sauƙin wuta da tsawon rai, sai fa idan aikinsa ya fi ƙarfin gigabait 8. Shi kuwa ma'aikacin da aikin ofishinsa buga wasiƙu ne da lissafin albashi, ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikinsu, domin sashen hoton da yake zuwa a cikin ƙwaƙwalwar mafi yawan kwamfutocin ofis ya wadatar. Kafin a sa hannu a takardar saye, musamman da dukiyar jama'a, wajibi ne a fara rubuta aikin da kwamfutar za ta yi, sannan a nemi katin da ya dace da shi.