Yadda bashi ke mayar da iyalan manoma bayi a Pakistan

Fiye da shekaru 30 bayan Pakistan ta haramta aikin bauta don biyan bashi, har yanzu akwai iyalai a ƙauyukan lardin Sindh da ke noma gonakin manyan masu filaye ba tare da ikon tashi ba, saboda bashin da ya ƙi biyuwa.

Ana kiran waɗannan manoma Hari, kuma da yawansu mabiya addinin Hindu ne daga ƙabilun Bheel da Kolhi da Meghwar, waɗanda ke zaune a gundumomin Sanghar da Mirpurkhas da Umerkot da Badin.

Yadda bashin ke somawa

Manomin da ba shi da gona yakan karɓi wani kuɗin kafin alƙalami, wanda ake kira Peshgi, daga hannun mai gona, sau da yawa don jinya ko aure ko jana'iza.

A bisa al'ada ana raba amfanin gonar biyu, rabi na mai gona, rabi na manomi. To amma kafin a raba, sai an cire wani kaso na kuɗin taki da maganin ƙwari da hayar tarakta, da kuma hatsin da iyalin suka ci kafin kaka.

Littafin lissafin yana hannun mai gona ko wakilinsa, kuma galibin manoman ba su iya karatu ba. Don haka sai a girbe auduga ko rake ko alkama, a ce wa manomi bashin ƙaruwa ma ya yi.

Idan mai gida ya mutu, bashin ya hau kan 'ya'yansa. Wani lokaci kuma wani mai gonar ya biya bashin ya kwashe iyalin, abin da bai da maraba da cinikin mutane.

Iyalin Manu Bheel

Shari'ar da ta fi yin fice ita ce ta wani manomi mai suna Manu Bheel. A shekarar 1996 ne Hukumar Kare Haƙƙin Bil'adama ta Pakistan, wadda ƙungiya ce mai zaman kanta, ta taimaka aka kuɓutar da shi da danginsa daga gonar wani mai filaye a gundumar Sanghar.

Sai dai a watan Mayun 1998 wasu 'yan bindiga suka sace mutum tara daga iyalinsa, ciki har da iyayensa da matarsa da 'ya'yansa. Manu Bheel ya zargi tsohon ubangidansa da shirya satar.

Daga shekarar 2003 ya riƙa zaman dirshan da yajin cin abinci na wasu sa'o'i kullum a ƙofar cibiyar 'yan jarida ta birnin Hyderabad, har fiye da kwana 1,000.

Kotun Ƙolin ƙasar, a ƙarƙashin babban joji Iftikhar Muhammad Chaudhry, ta saurari batun a 2006, kuma an kama mai gonar, amma binciken bai kai ga gano mutanen ba.

Abin da doka ta ce

Sashe na 11 na tsarin mulkin Pakistan na 1973 ya haramta bauta da aikin tilas.

A 1988 wasu masu aikin gasa bulo suka aika wa Kotun Ƙoli waya suna neman ceto, lamarin da ya share fagen dokar soke bautar bashi ta 1992. Dokar ta yafe dukkan irin waɗannan basussuka, ta kuma tanadi ɗaurin shekara biyu zuwa biyar ga mai tilasta wa mutane aiki da sunan bashi. Lardin Sindh ma ya kafa tasa dokar ta 2015.

Matsalar ita ce aiwatarwa. Masu filaye na da ƙarfin faɗa a ji a siyasa da kuma wajen 'yan sanda, kuma ba kasafai ake hukunta su ba. Abin da aka fi gani shi ne kotu ta ba da umarnin a saki mutanen da ake tsare da su, a bar maganar a nan.

Bayan samun 'yanci

Iyalan da aka saki kan koma sansanoni a kewayen Hyderabad, inda suke aikin ƙwadago na yini. Rashin gona da rashin katin shaidar ɗan ƙasa kan tilasta wa wasu komawa karɓar Peshgi, kuma ambaliyar 2022, wadda ta cinye gonakin Sindh, ta ƙara jefa manoma cikin bashi.

Duk da haka akwai waɗanda suka tsira suka kuma zama masu fafutuka. Veeru Kohli, wata mata da ta gudu daga irin wannan bauta, ta tsaya takarar majalisar lardin Sindh a zaɓen 2013, ko da yake ba ta yi nasara ba.

Masu fafutuka na cewa sakin mutane kaɗai bai wadatar ba, sai an haɗa da rubuta yarjejeniyar noma a hukumance, da ba iyalan filin zama da na noma, da sanya 'ya'yansu makaranta domin su iya karanta littafin bashin da kansu.