Baƙon Fari a Birnin Shehu

Wanda ya nufi Sakkwato da zaton zai tarar da ganuwa irin ta Kano ko dogayen benaye irin na Abuja, zai zaga gari ya koma gida yana cewa bai ga komai ba. Ganuwar ta daɗe da zubewa, sunayen ƙofofinta ne suka rage a bakin 'yan kabu-kabu: Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Atiku, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Dundaye. Abin gani a garin nan yana cikin lunguna da zaure, kuma ladabi ne ke buɗe shi. Saboda haka baƙon fari ya fara neman mai masauki kafin ya nemi taswira.

Rana ce ke tsara wa Sakkwatawa yininsu. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, shi ya sa ake sammako a gama hidima kafin azahar, a fake a inuwa, sai la'asar ta yi sanyi gari ya sake motsawa. Mai zaɓi ya zo da hunturu, cikin Disamba ko Janairu, ya haɗa da rawani ko mayafi saboda ƙura.

Da Hubbare ake farawa, ba a yin gardama a kan wannan. Muhammadu Bello ne ya kafa garin a 1809, mahaifinsa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya taso daga Sifawa ya tare a 1815, ya rasu a 1817, aka rufe shi a cikin gidansa. Gidan nan shi ne Hubbare. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, tana kwance a wurin, haka ma wasu daga cikin sarakunan Musulmi da suka biyo baya. Mai ziyara zai tuɓe takalmi, ya sassauta murya, ya yi sallama ga mamata, ya yi musu addu'a, ya ba da sadaka gwargwadon hali idan ya fito. Kafin ya ɗaga waya don ɗaukar hoto, ya tambayi masu kula da wurin. Zai ga ayarin mata, tsofaffi da matasa, wasu daga ƙauyukan kusa, wasu daga Nijar, sun zo ziyara a ƙungiyance. Wannan ɗabi'a tana da tushe tun zamanin 'yan taru, matan da Nana Asma'u ke karantarwa ta hannun jagororinsu da ake kira jaji. Ni a ganina ƙanƙantar wurin ita ce darajarsa: mutumin da daularsa ta kai har Adamawa da Ilori, ga inda aka sa shi, babu ƙawa. Kuma tunda shi ne ya rubuta Ihya'us Sunna don yaƙi da bidi'a, addu'a ta wadatar, ba sai an ƙara da komai ba.

Daga nan tafiyar ƙafa ce zuwa Masallacin Shehu, da Masallacin Bello, da Fadar Sarkin Musulmi a Kanwuri, inda Muhammadu Sa'ad Abubakar, sarki na 20, ke zaune tun 2006. Ba a kutsawa fada. Dogarai ake gaisarwa a faɗa musu abin da ke tafe da mutum. Mai son takardu ya leƙa Gidan Tarihi na Waziri Junaidu, ya ga rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami da makaman da. Filin Giginya kuwa yau wurin ƙwallo ne, amma sunan yana tuna ranar 15 ga Maris 1903 da Turawa suka ci garin a hannun Sarkin Musulmi Attahiru.

Sai maganar ciki. Ba a tambayar baƙo ko yana jin yunwa. Ruwa za a fara miƙo masa, sannan fura ta biyo baya, domin a Sakkwato ita ce abincin rana, ba abin marmari ba ne. Geron an surfe shi, an daka da citta da kanumfari da ɗan barkono, an cura an dafa, an mayar turmi an kirɓa har ya yi danƙo, sannan aka mulmula aka birkiɗa cikin gari. Uwargida za ta jefa curi biyu ko uku a ƙwarya, ta zuba kindirmo, ta riƙa murzawa da bayan ludayi har gaya ya saki. Wasu na so a bar musu gudaji su riƙa taunawa. Da hannun dama ake karɓa, a zauna a sha, kuma ko an ƙoshi a kurɓi ludayi ɗaya, don mayar da ƙwarya yadda ta zo raini ne. Idan mai gida ya ce, "Malam, ai ba ka sha komi ba," to fa sai an ƙara. Wadda ake markaɗawa a inji a sa a roba da ƙanƙara tana kashe ƙishi, amma ba ita muke magana ba.

Baƙo ya roƙi a yi masa hoce, abincin garin dawa da ake gasawa, ya ci da miyar sure mai ɗan tsami. Da safe akwai masa da kunu, da dare tuwon shinkafa, ga balangu da tsire a bakin titi bayan isha'i. Mai ƙarfin hali ya ɗanɗani naman raƙumi, wanda mahautan garin ke yankawa kullum. Mai son kifi kuma ya bi hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya tsaya a Kwalkwalawa, bakin gulbin Rima, inda masunta ke baje tarwaɗa da karfasa tun suna motsi.

Tsaraba ta gaske fata ce. Jar akuyar Sakkwato ita ce ta ba da fatar da fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce saboda ta can take isa gare su. Majema na jeme ta da bagaruwa, a rina ja da karan dafi, dukawan Shiyar Madunka su mayar da ita gafaka, tumtum, jaka, takalmi da kube. A shinshina kaya a duba ɗinki, kuma kada a fara ciniki kafin a gama gaisuwa, don baduku ba ya sassauta wa mai gaggawa. Idan ya ce albarka, ba kora ba ce, a ƙara wani abu kaɗan a sake tayawa. Wanda ya zo da motarsa ya biya ta Kasuwar Kara ya ɗauki albasa da tafarnuwa, ya dai ɗaure buhun nesa da jakar tufafi.