Waƙar Gida a Baƙuwar Ƙasa: Jinya da Kiɗa ga Rukunin Ɗaliban Ƙetare

A shekarar 1688 wani ɗalibin likitanci mai suna Johannes Hofer ya rubuta kundinsa a birnin Basel na ƙasar Suwizalan a kan wata cuta da ke kama waɗanda suka yi nisa da gida: barci ya ƙaurace, abinci ya fita daga rai, tunanin gida ya ƙi yankewa. Cikin misalan da ya kawo har da wani ɗalibi da ya taso daga Bern zuwa Basel neman ilimi. Bayan shekara 80, Jean-Jacques Rousseau ya ruwaito a ƙamusunsa na kiɗa cewa an hana busa wata waƙar makiyaya a tsakanin sojojin Suwizalan da ke aiki a ƙasashen waje, domin tana sa su kuka, wasu har su gudu. Ke nan tun a wancan zamani an lura cewa waƙar gida tana fama miki. Abin tambaya shi ne, ta yaya wannan waƙar za ta koma magani?

A yau, bisa ƙididdigar UNESCO, ɗaliban da ke karatun gaba da sakandare a wajen ƙasashensu sun haura miliyan 6. Ruɗanin da baƙo ke shiga idan ya rasa alamomin mu'amalar da ya saba da su, wanda masanin al'adu Kalervo Oberg ya yi wa bayani a 1960, yana jiran kowannensu: bai san yadda ake gaisuwa ba, bai san inda raha ta tsaya ba. Jami'o'i da yawa sun tanadi ofisoshin ba da shawara, sai dai aikinsu ya ta'allaƙa ne a kan magana, alhali harshe shi ne abin da ya fi yi wa baƙon ɗalibi nauyi. Ga kuma kunya, domin a al'ummomi da dama fallasa damuwar zuci ga bare abin ƙi ne.

Ta wannan kafa ce jinya da kiɗa ke shigowa. Fanni ne da ya tsaya da ƙafarsa a Amurka, inda aka buɗe digirinsa na farko a jihar Michigan a 1944, aka kuma kafa ƙungiyarsa ta duniya a birnin Genoa na Italiya a 1985. Ba darasin koyon kiɗa ba ne, ba kuma shagalin baje kolin al'adu ba. Ƙaramin rukuni ne ke haɗuwa mako-mako ƙarƙashin jagorancin ƙwararre. Akan fara da ganguna da kacau-kacau: jagora ya ɗora zubi mai sauƙi, kowa ya shigo da nasa, ba tare da an nemi gwaninta ba. Manazarcin waƙar baka zai gane tsarin nan take, domin kusan jagora da 'yan amshi ne, ko matan da ke lugude a turmi ɗaya, inda kowace sai ta saurari taɓaryar 'yar'uwarta kafin ta sauke tata. Saurarar juna ita ce darasin, kuma ba ta buƙatar nahawu.

Akwai hujjar bincike a kan haka. A 2015 Eiluned Pearce da abokan aikinta na Jami'ar Oxford sun bibiyi azuzuwan manya na tsawon wata 7, suka gano cewa masu rera waƙa tare sun fi saurin shaƙuwa a watan farko, ko da yake daga baya sauran azuzuwan sun kamo su. Ba a kan ɗaliban ƙetare aka yi binciken ba, amma a ganina wannan saurin shi ne ainihin abin da baƙon ɗalibi ke buƙata, tun da makonnin farko ne suka fi tsanani.

Mataki mafi nauyi shi ne ranar da za a ce kowa ya kawo waƙar gida. Ɗalibar da ta saba jin waƙar ita kaɗai a ɗaki cikin dare, tana kuka, yanzu dole ta faɗi wanda ya rera ta da lokacin da ake rera ta, ta kuma koya wa ɗan Sin da 'yar Barazil amshinta. Wadda kullum ake gyara wa lafazi ta zama mai gyara wa wasu. Waƙar ba ta canza ba, matsayin mai ita ne ya canza. Amma haɗarin da Rousseau ya ambata yana nan. Ga ɗalibin da ya baro yaƙi ko rasuwa, waƙa ɗaya na iya ɓalle abin da ba zai ɗinku cikin awa guda ba. Shi ya sa ake buƙatar jagoran da aka horar, wanda ya san lokacin da zai sassauta kiɗa da lokacin da zai miƙa ɗalibi ga likitan ƙwaƙwalwa.

Saura batun da ya shafi ɗalibanmu da ke Maleshiya da Misira da Ingila kai tsaye. Malaman Musulunci sun yi saɓani a kan halaccin kayan kiɗa, kuma ɗalibin da ke bin ra'ayin hani ba zai zauna a da'irar jita ba. Jagoran da ya san aikinsa yakan tambayi wannan tun kafin zaman farko, ya gina aikin a kan murya da tafi da tsara baituka, ya kuma yi la'akari da waɗanda ba za su rera waƙa a gaban wani jinsi ba.