Ki Ceci Mangwaronki Tun Yana Fure

A nan Kebbe da Kuchi, har zuwa Tambuwal, mata da yawa da kuɗin mangwaro da lemun tsami suke sayen sabulu da littattafan yara. Amma sai ki ga itace ya cika da fure a hunturu, bazara ta zo babu abin kaiwa kasuwa, a ce sammu ne. Sau da yawa funfuna ce, dangin wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu.

Ki riƙa duba furen da sassafe. In kin ga farin gari kamar an barbaɗa toka, to cutar ta kama, furen zai bushe ya kakkaɓe. Ki samu madarar shanu gwangwani 1, ki zuba ruwa gwangwani 9, ki fesa da hantsi sau ɗaya a mako. Kada ki raina wannan. A 1999 wani masani a ƙasar Burazil, Wagner Bettiol, ya nuna madara tana rage farar funfuna ƙwarai. A kan wani irin kabewa ya gwada, amma cutar 'yan gida ɗaya ce da ta mangwaro. In babu madara, ƙaramin cokali 1 na sodar yin burodi cikin ruwa lita 1, da ɗan sabulu kaɗan, ya wadatar. Wannan kam da yamma ake fesawa, kuma kada ki ƙara yawan sodar don gaggawa, ƙona ganye take yi. Fara gwadawa a reshe guda tukuna.

Baƙaƙen tabon da ke ruɓar da mangwaro bayan ruwan farko kuwa, in sun riga sun shiga ɗan itacen babu abin da zai fitar da su. Cutar a busassun rassa da ganyen da ya zube take fakewa. Ki roƙi maigida ya sassare matattun rassa, ya rage cunkoson tsakiya don iska ta ratsa. Ku kuma 'yan makaranta, sharar gindin itace taku ce ranar Asabar. A tara a ƙone, ba a zuba cikin taki ba.

Akwai kuma baƙin da ke rufe ganyen lemo kamar kunkunniya. Wannan zaƙin da ƙananan ƙwari ke zubarwa yake bi, shi ya sa za ki ga tururuwa na hawa da sauka. Daka 'ya'yan dogonyaro, jiƙa su kwana, tace, sa ɗan sabulu, ki fesa har ƙarƙashin ganye. Ƙwarin na raguwa baƙin zai tafi da kansa.

Wadda ba ta da abin feshi, sabuwar tsintsiya ta isa yayyafa wa ƙaramin itace. Dogo kuwa a bar wa maza, kada yarinya ta hau da bokiti.