YAKUWA: ABINCI DA MAGANI A GONAKIN DAKORO

A ƙasar Dakoro, cikin jahar Maraɗi, inda ruwan sama ba ya da tabbas, manoma sun daɗe suna shuka yakuwa tsakanin layukan hatsi da kuma gefen gonaki. Galibi mata ne ke kula da ita, su ne kuma ke kai ta kasuwannin Dakoro da Kornaka da Sakabal.

Masana tsirrai suna kiranta Hibiscus sabdariffa. Danginta ɗaya da rama da kuɓewa da auduga. Tsawonta yakan kai mita 2. Karanta ja ne, ganyenta yana da yatsu 3 zuwa 5, furenta kuwa fari ne mai ɗan rawaya, da jan tabo a tsaka. Ba ta yin fure sosai sai damina ta ja baya, yini ya soma gajarta. Idan furen ya faɗi, kwanfar da ke riƙe da shi sai ta yi kauri: ita ce soɓorodo.

Babu abin yarwa a jikinta. Ganyen na miya ne. Ƴaƴan, wato gurguzu, da su ake yin daddawar batso. Soɓorodo kuwa shi ake jiƙawa a sha, kamar yadda ake yi a Senegal da sunan bisap, a Masar da Sudan da sunan karkade.

Kan batun magani, an yi bincike a Jami'ar Tufts ta Amurka, aka bayyana sakamakonsa a shekarar 2010. Mutum 65 waɗanda jininsu ya soma hawa aka gwada. An ba wasu kofi 3 na ruwan soɓorodo kowace rana har mako 6, sai awon jininsu ya sauka da wajen maki 7. Na sauran bai sauka ba sai kaɗan.

Amma a lura. Wannan saukin ƙarami ne. Mai hawan jini da ya ajiye maganinsa ya dogara ga soɓorodo kaɗai, yana iya gamuwa da shanyewar jiki ko ciwon ƙoda. Sukarin da ake zubawa da yawa kuma yana cutar da mai ciwon sukari.

Saboda haka, wanda ke shan maganin hawan jini, da mace mai juna biyu, su nemi shawarar ma'aikatan lafiya kafin su mai da shi abin sha na kullum. Manoma kuma su shanya shi a kan tabarma mai tsabta, nesa da ƙura da dabbobi, domin ya yi daraja a kasuwa.