Ƙasusuwan Dainoso Suna Nan Kwance a Jihar Agadas

Wani saƙon murya ya fi wata guda yana yawo a zaurukan WhatsApp na danginmu, har ya dawo mini sau uku ta hannun mutum uku. Mai maganar, cikin muryar wanda ya bankaɗo babban sirri, yana gargaɗin iyaye cewa wai manyan dabbobin nan da ake nuna wa yara a kartun, masu dogon wuya da masu ƙaho uku, ba a taɓa halittarsu ba, Turawa ne suka zauna suka ƙago su don su rikita tunanin 'ya'yanmu. Na goge na farko, na goge na biyu, na uku ma ban saurara ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da na tarar a gidan ƙanwata wata ranar Asabar.

Ɗanta mai shekara shida na samu kwance rub-da-ciki a kan tabarma, ya jingina wayar uwarsa da kwanon sha, fuska shaɓe-shaɓe da hawaye. Fim ne aka tura musu a memori wurin masu tura fina-finai na bakin kasuwa, The Land Before Time, kuma ya kai daidai inda uwar ɗan dainoson ta mutu. Ya ɗago kai ya ce, "Kawu, da gaske akwai su? Kuma da gaske babarsa ta mutu?" Kafin in buɗe baki uwar ta amsa daga madafa: "Kai dalla rufe mana baki, duk ƙarya ce, babu wata dabba mai kama da wannan." Tambaya biyu yaron ya yi, aka haɗa masa su da amsa ɗaya, rabin amsar kuma ba gaskiya ba ce.

Fim ɗin tsoho ne, ya girmi ƙanwar tawa ma. A 1988 ya fito a Amurka, Don Bluth ya ba da umarni, Steven Spielberg da George Lucas suna cikin waɗanda suka tsaya masa, kuma da hannu aka zana shi a Dublin ta ƙasar Ireland. Labarin wani ɗan dainoso ne mai dogon wuya, Littlefoot, wanda fari ya kori danginsa daga ƙasarsu. Uwarsa ta mutu wajen kare shi daga wani mai cin nama, girgizar ƙasa ta raba shi da kakanninsa, ya haɗu da wasu yara huɗu kowanne daga jinsi daban, suka kama hanyar wani kwari mai ciyawa da ruwa. Ita kalmar dainoso wani Baturen Ingila, Richard Owen, ya haɗa ta a 1842 daga harshen Girka, ma'anarta ƙadangare mai ban tsoro. Su dabbobin sun bayyana kimanin shekaru miliyan 230 da suka wuce, suka ƙare kimanin miliyan 66. Wannan ya isa.

Mu koma ga mai saƙon murya. Da ya ce dainoso ba ya magana, ba ya kuka, ba ya yi wa uwarsa alkawari, da na ce masa ya yi gaskiya. To amma mu da muka tashi da tatsuniya ai bai kamata wannan ya ruɗe mu ba. Kura a bakin kakanninmu tana zuwa biki, tana cin bashi, Gizo yana yi mata wayo, kuma ban taɓa jin wanda ya ce saboda haka babu kura a daji ba. Maganar ce ƙage. Dabbar kuwa tana nan, ita dai kura da ranta, shi dainoso da ƙasusuwansa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ƙasusuwan ba a Landan kaɗai suke ba balle a ce an sassaƙa su a can. A bayan gidanmu suke. A hamadar Tenere ta jihar Agadas akwai wani wuri da ake kira Gadufawa, wanda masana ke lissafawa cikin manyan maƙabartun dainoso na Afirka. Masu neman yuraniyom ne suka kai labarinsa Faransa, wani masani Bafaranshe, Philippe Taquet, ya zo a shekarun 1960 ya tarar da ƙasusuwa a fili, iska ta yaye musu rairayi, gadon baya jere kamar an shimfiɗa tasbaha. Daga can ya tono dabbar da ya raɗa wa suna Ouranosaurus nigeriensis a 1976, mai cin ganye, mai wani dogon tozo a baya. Duk wanda hanya ta kai shi Yamai ya shiga gidan tarihi na Boubou Hama, akwai rumfa guda ta ƙasusuwan dainoso, ya tsaya a gabansu ya ga inda kansa ya kai.

Bayansa Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya yi ta zarya zuwa Nijar tun shekarun 1990. A 1998 shi da abokan aikinsa suka bayyana Suchomimus, mai cin kifi, mai dogon baki kamar na kada. A 1999 suka bayyana Nigersaurus, wato ƙadangaren Nijar, wanda ya rayu kimanin shekaru miliyan 110 da suka wuce. Tsawonsa ya kai mita 9, bakinsa shimfiɗaɗɗe kamar bakin shebur, da haƙora wajen 500 in an haɗa da na ajiya da ke jere a baya suna jiran na gaba su cinye. Kansa a sunkuye yake yini yana kiwo, kamar saniya. Dangin Littlefoot ne, mai dogon wuya, sai dai shi nasa wuyan bai kai na sauran ba.

Akwai kuma Jobaria, wanda aka tono a yankin In Gall, wajen mita 18, kusan duk ƙasusuwansa aka samu. Daga ina sunan ya fito? Daga Jobar, wata halitta da Buzayen yankin ke ambata a labaransu, wadda suke danganta manyan ƙasusuwan da ita. Ke nan makiyaya sun daɗe suna wucewa da raƙumansu ta kan ƙasusuwan nan, har sun yi musu labari, tun kafin wani ya zo da awo da kyamara. To wane Bature ne ya riga su zuwa ya binne ƙashin cinya mai tsawon mutum a tsakiyar Tenere? Da wace mota, kuma don ya yaudari wa?

Mutanen Sakkwato ma suna da rabonsu. Akwai wata dabbar ruwa da ake kira Goronyosaurus, sunan Goronyo ne a jikinta, domin a yankin aka sami ƙasusuwanta. Ita ba dainoso ba ce, amma zamaninsu ɗaya, lokacin da teku ya rufe wannan yanki. Dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina ma a ƙarƙashin teku ya taru. Yadda ƙashi ke zama dutse kuwa ba tsafi ba ne. Dabba ta mutu a bakin kogi, laka ta rufe ta kafin ta watse, ruwa ya riƙa tsiyayo ma'adinai cikin ƙashin sannu a hankali har ya taurare. Mutane suna tasowa daga Chicago da Faris, suna shan zafin hamada wata da watanni don su ga abin da ke ƙasarmu, mu kuwa muna zaune a inuwa muna tura wa juna saƙon cewa babu shi. Kuma da sunan addini ake yi, addinin da ya umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda aka fara halitta. Ƙaryata abin da ake iya taɓawa da hannu ba ya ƙara wa kowa imani, illa dai ya sa yaro ya girma ya gano an yi masa ƙarya, ya fara shakkar sauran abin da aka gaya masa.

Ba wai fim ɗin ba shi da kurakurai ba. Abokan nan biyar ba su yi zamani ɗaya ba. Jinsin Littlefoot ya rayu kimanin shekaru miliyan 150 da suka wuce, mai cin naman da ke bin su kuma a ƙarshen zamanin ya zo, tazarar da ke tsakaninsu ta fi wadda ke tsakaninsa da mu. Petrie, mai fukafukin cikinsu, ma ba dainoso ba ne, ɗan'uwa ne na nesa. Wani fim na kamfanin Pixar, The Good Dinosaur na 2015, ya haɗa ɗan dainoso da ɗan mutum abota, alhali mutum bai taɓa ganin dainoso da rai ba. Masu fim ɗin da kansu sun gina labarin a kan cewa dutsen da ya faɗo daga sama a yankin Yucatán na Meziko, wanda ake danganta ƙarewar dainoso da shi, ya kuskure duniya, amma yaro ɗan shekara shida ina zai lura da wannan? Wasu kuma suna ce wa dainoso kakan ƙadangaru, bayan kazar gidanku ta fi ƙadangaren bango kusanci da su. Makarantu ba sa koyarwa, gidajen tarihi sun yi nisa, duk gaskiya ne. Babban laifin dai yana tsakar gida.

Mun ɗauki waya mun mai da ta mai reno. Da yaro ya dame mu sai a miƙa masa, "ungo, je ka kalli kartun," kamar duk abin da aka zana na yara ne. Kaka mai tatsuniya tana kallon fuskar jikokinta. In ta ga ƙaramin ya fara maƙalewa sai ta sassauta muryar Dodo, ta jawo shi cinyarta, in an kai ƙurunƙus kowa ya san an dawo duniya. Waya ba ta san yaro ya tsorata ba. Wannan fim na Littlefoot da nake magana a kai, masu yin sa da kansu sun yanke wajen minti goma daga ciki kafin ya fita, don gudun kada ya firgita yara, kuma duk da haka abin da ya rage yana sa kuka. Su da suka yi shi sun ji tsoro, mu kuwa mun miƙa mun koma wanke-wanke.

Minti 69 ne duka. Uba ko uwa, wani ya zauna, ko da kallon farko ne kaɗai. In yaron bai kai shekara biyar ba, a ɗora shi a cinya lokacin da mai cin naman ya fito, ko a tsallake wurin, kuma kada a kunna masa dab da barci. Fim ɗin da Turanci yake, yawancin yaranmu hoto kawai suke bi, shi ya sa tsoron ke kama su, darasin kuma ya wuce su. A riƙa tsayarwa ana fassarawa, a ba su sunayen da baki zai iya, Dogon Wuya, Mai Ƙaho Uku, Sarkin Tsoro. In ya yi tambaya a raba masa gida biyu kamar yadda ake tsince shinkafa: wannan dabba an yi ta, ga ma hoton ƙashinta, wannan magana da take yi kuwa tatsuniya ce. Abin da ba a sani ba a ce, "bari mu bincika tare." Babu girman da zai zube.

Maganar mutuwa kuma kada a gudu daga gare ta. Yaron da ya ga uwa ta mutu a allo, tasa uwar yake tunani, ko bai faɗa ba. "Ƙarya ce" ba ta kwantar masa da hankali, tsawa ta fi muni. A rungume shi, a ce masa labari ne aka zana, a kuma gaya masa da harshen da zai gane cewa rai na Allah ne, kuma ga Mama nan, ga Baba nan. A fim ɗin ma akwai wani tsohon dainoso da ya tarar da marayan yana kuka, ya fara da faɗa, da ya gane abin da ya same shi sai ya sauko ya lallashe shi. In zane ya iya wannan, ina ga mu?

Sai kuma abin da ni a wurina ya fi komai daraja a fim ɗin. Cera, 'yar mai ƙaho uku, ubanta ne ya koya mata cewa irinsu ba sa wasa da masu dogon wuya. Ta ɗauki wannan girman kai ta tafi da shi, ta ƙi bin hanyar da aka nuna, har ta kusa halaka kanta da sauran. A ƙarshe sai da kowa ya kawo abin da yake da shi, mai iyo ta shiga ruwa, masu ƙarfi suka tura dutse, matsoracin da ya kasa tashi sama ya tashi, sannan suka tsira. A tambayi yaro, wa ya koya wa Cera wannan hali? Ya taɓa jin an ce kada ya yi wasa da 'ya'yan gidan wane? Mai tambayar ya shirya jin amsar, don wani lokaci sunansa zai fito.

A duba memori kafin a miƙa. Masu turi ba sa tantancewa, kartun da fim ɗin yaƙi da abin da baki ba zai faɗa ba duk a jaka ɗaya suke zubawa. In a YouTube ne, a kashe abin nan da ke kunna wani bidiyo da kansa in na farko ya ƙare. A sa lokaci, fim ɗaya a tashi. Wannan fim yana da ci gaba har guda 13, ba farilla ba ne a gama su a mako guda. Saƙon murya kuma in ya zo, kafin yatsa ya kai ga turawa, a tambayi mai shi inda ya samo.

Ranar nan dai na zauna a tabarmar, na nemo wa yaron hoton ƙoƙon kan Nigersaurus a wayata, muka yi ta ƙirga haƙora har muka ɓata lissafi. Na nuna masa ƙafar kaza, yatsu uku a gaba da ɓawo-ɓawo, na ce ya kwatanta da ta mai cin naman. Bayan kwana biyu ƙanwata ta bugo mini waya. "Yaya, ka ja mini. Tun jiya yake tsugune a bakin akurki, kuma ya rantse ba za a yanka zakaran nan ba, wai jikan dainoso ne."