Aikin Ɗalibi na Kyauta da Ya Kayar da Da'awar Dala Miliyan 600

A watan Agustan 2003 wata kotu a birnin Chicago na Amurka ta ce kamfanin Microsoft ya biya dala miliyan 521 ga Jami'ar Kalifoniya da wani ɗan ƙaramin kamfani mai suna Eolas. Laifinsa, in ji kotun, shi ne manhajarsa ta shiga intanet, Internet Explorer, tana barin wata ƙaramar manhaja ta yi aiki a cikin shafi: bidiyo ya kunna, hoto ya juya idan aka taɓa shi, wasa ya gudana ba tare da an bar shafin ba. Mai Eolas, Dakta Michael Doyle, ya ce wannan dabarar tasa ce, kuma yana da takarda.

Takardar kuwa akwai ta. Doyle da abokan aikinsa biyu, David Martin da Cheong Ang, suna bincike ne a reshen jami'ar da ke San Francisco kan yadda likitoci za su riƙa duba hotunan ɗan tayi ta intanet. Ranar 17 ga Oktoba 1994 aka shigar da buƙatar mallakar wannan ƙirƙira a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na Amurka, aka ba su a Nuwamban 1998, mai lamba 5,838,906. Da shekara ta kewayo, Eolas ya maka Microsoft a kotu.

Sai dai wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. A ƙetaren ruwa daga San Francisco, a reshen Berkeley na wannan jami'a ɗaya, akwai wani ɗalibi ɗan asalin Taiwan, Pei-Yuan Wei, wanda tun 1992 ya saki manhajar shiga intanet mai suna ViolaWWW. Ya gina ta ne a kan wani yaren ba kwamfuta umarni da shi da kansa ya ƙirƙira, ta yadda mai rubuta shafi zai iya cusa gajeren umarni a ciki, shafin ya riƙa amsa wa mai karatu. Wannan kuwa shekara uku ke nan kafin a ji sunan JavaScript, yaren da shafuka ke amfani da shi wajen irin wannan aiki. Wei bai sayar ba, bai nemi takarda ba. Ya ɗora ta inda kowa zai sauke, ya duba cikinta, ya gyara. Tim Berners-Lee, Baturen Ingila da ya ƙirƙiro tsarin shafukan intanet a cibiyar bincike ta CERN, yana cikin masu yaba ta. Rauninta shi ne a kan kwamfutoci masu tsarin Unix kaɗai take aiki, don haka da wata manhajar shiga intanet mai suna Mosaic ta fito a 1993 sai ta sha gabanta, aka manta da ita.

Dokar Amurka ta wancan lokaci a fili take: abin da aka riga aka nuna wa jama'a fiye da shekara ɗaya kafin ka shigar da buƙatarka, ba za ka mallake shi ba. Ranar 7 ga Mayu 1993 Wei ya nuna wa injiniyoyi biyu na kamfanin Sun Microsystems wani samfurin Viola, ba tare da ya sa su alkawarin riƙe sirri ba. Tsakanin wannan rana da ranar da Doyle ya shigar da takardunsa, wata 17 ne. Haka kuma a ƙarshen Agustan 1994 Wei ya aika wa Doyle saƙon imel yana shaida masa cewa Viola ta riga ta yi irin wannan aiki. Daga baya ta bayyana a kotu cewa Doyle ya tara bayanan Viola a wani fayil nasa, amma bai kai su ofishin rajista ba.

To me ya sa Microsoft ya faɗi? Saboda alƙalin Chicago, James Zagel, ya hana masu taya shi yanke hukunci auna wannan shaida. A ganinsa, tun da Wei ya ci gaba da sauya manhajar yana fitar da sababbin samfura, to ya yi watsi da wancan na Mayu ke nan. Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja zai riƙe baki da jin wannan. Kamar a ce magini ya ƙara ɗaki a gidansa, sai a yanke cewa ya yar da tsohon gidan. A Maris 2005 kotun ɗaukaka ƙara ta ce alƙalin ya yi kuskure, gyara abu ba watsi da shi ba ne, ta ba da umarnin a sake shari'a.

Ba a kai ga sakewar ba. Tun kafin nan, Berners-Lee ya rubuta wa ofishin rajista a Oktoban 2003 yana roƙon a sake duba takardar. Ofishin ya duba, ya yi ta kai-kawo, a 2005 ya tabbatar da ita. Microsoft, don kauce wa ƙarin tara, ya sauya Internet Explorer a 2006, har sai mutum ya danna bidiyo ko wasa sau ɗaya kafin ya fara amsa masa. Miliyoyin mutane sun yi ta wannan dannawa ba su san shari'a ce ta jawo ba. Masu gina shafuka kuwa nan da nan suka gano hanya: idan aka ɗauko abin ta wani fayil na JavaScript da ke waje da shafin, dannawar ba ta tasowa. A Agustan 2007 Microsoft ya gaji, ya yi sulhu.

Da Eolas ya tsaya nan, da labarin ya ƙare da riba. Amma a Oktoban 2009, da samun takarda ta biyu, ya shigar da ƙara kan kamfanoni sama da 20 lokaci guda a kotun garin Tyler na jihar Texas, wadda masu irin wannan ƙara suka daɗe suna ƙauna. Akwai Google, Amazon, Yahoo, Apple, Adobe, har da kantuna irin su JC Penney. Da yawa suka biya suka huta. Google da Amazon da Yahoo da wasu 'yan kaɗan suka ce sai an gwada, alhali diyyar da ake nema ta haura dala miliyan 600.

A Fabrairun 2012 Berners-Lee da kansa ya je Tyler ya tsaya gaban mutum takwas masu taya alƙali yanke hukunci, ya ba da shaida kan abin da ya gani a farkon shekarun intanet. Wei ma ya zo. Wannan karon ba wanda ya hana a ji labarin Viola. Ƙarfin shaidar ya zo ne daga yadda aka yi aikin tun farko: a bainar jama'a, kowane fayil da kwanan watansa, kowane saƙo yana ajiye a hannun mutane daban-daban da ba su da wata riba a shari'ar. Da Wei ya kulle aikinsa a aljihun tebur yana jiran mai saye, da maganarsa ce kawai a kan ta Doyle.

Ranar 9 ga Fabrairu, bayan shawarar sa'o'i kaɗan, masu taya alƙalin suka ce da'awar da ke cikin takardun biyu ba ta da inganci. A Yulin 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin, shekara 14 bayan ƙarar farko. Jami'ar Kalifoniya, wadda ta tsaya a bayan Doyle a kan aikin tsohon ɗalibinta, ta riga ta karɓi kasonta na sulhun 2007: dala miliyan 30.4.